Boksin da ke Tsoron Ciyawa

Shekara ashirin da huɗu Lawali ya yi yana jan tsohuwar boksinsa, wato motar a-kori-kura, tsakanin Gadarif da gonakin Gadambaliya, ya kai masu yankan riɗi, ya dawo da buhunan dawa. Da ta tsufa har ba ta tashi sai da turi, ya sayar da ita, ya haɗa da 'yan shanun da suka rage masa na gado, ya sayi sabuwa fara sol wadda wani ɗan kasuwa ya shigo da ita ta Bur Sudan.

Tun ranar farko ya gane ba shi kaɗai ke tuƙi a cikinta ba. In ya kauce wa rami a kan kwalta, sai sitiyari ya yi rawa a hannunsa, ya nemi mayar da shi bakin ramin. In amalanken jaki ya gifta can gaba, sai ƙara ta cika masa kunne. Har hoton finjalin gahawa take nuna masa, da rubutun Larabci, wai ya tsaya ya huta.

Ya kai ta wurin Mutaz, wani bakanike da yaƙi ya koro daga Bahri, ya kafa rumfar kwano a bayan kasuwar hatsi. Mutaz ya zagaya ta, ya nuna masa da yatsa.

"Ido ɗaya a nan bayan madubi, ɗaya kuma a hancinta. Kana iya rufe su ta wannan allon, ya Hajj, amma duk lokacin da ka kashe mota ka tayar, sai su sake buɗewa."

"To cire su gaba ɗaya."

"In na cire, fitilu za ta kunna maka har ka rasa inda za ka duba. An yi ta ne domin tituna masu farin layi."

Lawali ya dubi baƙar ƙasar da ta manne wa tayoyin, ya biya kuɗin shayi, ya tafi.

Da damina ta ja baya, yayarsa Tasalla ta ce ya kai ta Basunda, jikarta ta haihu, za a yi suna. Ta haura saba'in, idonta ɗaya ya yi fari, amma ta zauna a gaba ta miƙe wuya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Suka bar gari da sanyin safiya. Bayan Doka suka sauka daga kwalta, suka shiga hanyar tarakta, ciyawa ta fi motar tsayi hagu da dama, iska na kwantar da ita tana tayarwa.

Nan boksin ta fara. Iska ta sunkuyo da ciyawa gabanta, ta yi ƙara, ta danne birki da kanta, ƙwaryar turaren Tasalla ta faɗo daga cinyarta. Lawali ya laluba allon, ya shiga nan ya fita can, rubutun ƙanana ne, ya kasa gano inda Mutaz ya taɓa. Suka yi gaba kaɗan, ta sake. A karo na uku ya kashe ta, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

"Yaya, shanun Baba na ba da a kan wannan. Ciyawa take tsoro."

Tasalla ta buɗe ƙofa ta sauka, ta ratsa ciyawar a hankali tana rarrabe ta da hannu. Dole ya bi ta. Taku kaɗan suka fito wani fili, riɗi an yanke an jingina dami-dami yana shan rana, ga wani tsohon tafki ya kusa ƙafewa, balbelu sun zagaye shi sun yi tsit.

"A nan muka yi rani biyu," in ji ta. "Kana goye a bayan Inna. Akwai wani bijimi da Baba ke kira Ɗan Gaye, shi ma haka yake, in ya ga inuwarsa sai ya toge. Baba bai taɓa dukansa ba. Yakan zauna ya jira shi."

"Bijimi yana da rai, Yaya."

"Ni dai na ga kowa ka ɗauko daga nesa sai ya yi ƙyuya."

Ta zauna a gindin wata farar ƙaya, ta yi ta lissafo sunayen shanun da babu su, tana faɗin launin kowace. Lawali ya tsuguna kusa da ita. Bai tuna wurin ba ko kaɗan, amma ƙamshin laka da riɗi ya yi masa kamar abin da ya sani tun kafin ya iya magana. Sun daɗe a haka. Da suka koma, ya natsu ya bi allon sannu a hankali har ya rufe idanun motar, suka isa Basunda lafiya.

Bayan azahar ya juyo shi kaɗai, cikinsa cike da naman suna. Ya manta cewa da ya tayar da motar idanunta sun sake buɗewa, don iska ta kwanta, ciyawa ba ta motsi. Ya hau kwalta rana na tsakiyar gilashi. Kawalwalniya ta shimfiɗu a gabansa kamar ruwa, gonakin dawa suka yi ta wucewa ba iyaka, kawunansu jajaye. Motar ba ta kaɗawa, ba ta ƙugi irin na tsohuwar, sanyi kawai take hurawa a fuskarsa. Can cikin ruwan da ba ruwa ba sai ya ga garke na ratsawa, fararen shanu masu dogayen ƙaho, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. A bayansu wani dogon mutum da sanda a kafaɗa, bai waiwayo ba. Lawali ya so ya matsa ya ga fuskarsa.

Sitiyarin ya fizge a hannunsa, ƙara ta tashi. Ya buɗe ido ya ga ya ci rabin hannun masu zuwa, motar kuma tana jan kanta dama. Wata babbar lori mai ɗauke da buhuna ta wuce da ham, iskarta ta girgiza shi.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Kwaltar ta koma kwalta, babu ruwa, babu shanu, sai wani tsohon layi da ya kusa gogewa a tsakiyarta. Ya sauka, ya zuba ruwan jarka a kansa, ya yi alwala, ya yi la'asar a kan tabarma kusa da tayar baya. Bayan ya sallame ya zauna yana kallon tsuntsaye na sauka a kan dawa suna tashi, har rigarsa ta bushe.

Ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa Jumai na tankaɗe a tsakar gida, ta yi masa sannu, ta tambaye shi ya hanya, ya kuma sabuwar.

"Sau uku ta taka birki saboda ciyawa," ya ce. "Ta kusa fasa wa Yaya ƙwarya."

Sauran bai faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna inda yake hango hancin motar ta ƙofar gida, ya ce ta gaya wa masu kayan da zai kai Fashaga gobe ba zai fita ba, zai huta, sai jibi da sassafe.