Tsohuwar Walda

Gida biyu babur ɗin ya rabe. Kansa da tayar gaba suna gefe guda a bayan a-kori-kura, injin da sauran jikin suna ɗaya gefen, wayoyi kaɗai ke riƙe da su. Barau na zaune a tsakani, tun daga Tafoki har Ƙanƙara.

A farkon kaka ya saye shi a hannun Audi, ɗan kawunsa, mai sayar da tsofaffin babura a bakin kasuwar Ƙanƙara. Jan fenti na sheƙi, injin na tashi da bugu ɗaya. Ranar da abin ya faru ya goyo matarsa Talatu za su gona. Ba gudu yake yi ba, bai kuma faɗa rami ba, sai kawai wuyan babur ya ɓalle a hannunsa. Shi ya tsira da ƙujewa. Talatu ta karye a hannun dama, daidai lokacin da audugarta ta fashe fari fat tana jiran tsinka. Da ya duba inda ƙarfen ya rabe, sai ya ga tsohuwar walda da tsatsa a ƙarƙashin fentin.

Audi na zaune a kan benci yana shan rake lokacin da aka sauke kayan a gabansa. Ya yi dariya irin ta wasan taubasai.

"Bawana ne da kansa? Wannan wace irin tsaraba ce?"

"Ban zo wasa ba, Audi. Me ka sayar mini?"

Audi ya tofar da totuwa, ya leƙa karayar ƙarfen.

"Ai na inshora ne. Wani ma'aikaci ne a Kaduna mota ta buge shi a kai. Kamfanin suka ce ba ya gyaruwa, suka biya mai shi, suka sayar wa 'yan gwangwan. Mu kuma muka tashe shi. Sana'ar ke nan."

"Ka faɗa mini?"

"Ka tambaya? Kai ma da ka ji arahar, ai ka san da dalili."

Nan ne zuciyar Barau ta tafasa. Shi ya ɗauka zumunci ne ya sa aka yi masa sauƙi. Babu majalisar da bai yabi Audi ba a Tafoki. Talatu da kanta ta matse man gyaɗa ta aika wa iyalinsa tukwici, da wannan hannun da yanzu ke ɗaure da karare.

"Ko ka tambaye ni jikin Talatu," in ji Barau.

"Ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba." Audi ya sassauta murya. "Ka bar shi nan. Injin lafiya lau yake. Zan ba ka wani abu ka kai wa mai ɗori. A haɗe shi, a watsa masa fenti, ba zai kwana biyu ba an saye."

Barau na bukatar abin da za a ba shi, ga mai ɗori, ga masu tsinkar audugar da dole sai ya ɗauka. Sai dai a bayan Audi akwai wani manomi daga Damari yana shafa kujerar wani shuɗin babur, yana gaya wa abokinsa cewa da shi zai riƙa kai mahaifiyarsa asibiti.

"Ku mayar mini da shi mota," Barau ya ce wa masu dako.

Washegari da hantsi ya jibge shi a maƙerar Gide, ya ce a sassare shi yadda ba zai ƙara haɗuwa ba. Gide bai kai ga ɗaukar kayan aiki ba sai ga wani mai wucewa ya tsaya, ya zagaya babur ɗin, ya ƙwanƙwasa tankin.

"Malam, wannan ai ɓarna ce. Walda kaɗai yake so. Ka yi mini kuɗi."

Gide ya dubi Barau yana jira. Barau ya matso kusa da babur ɗin. Ya naɗe hannun riga, ya karɓi babbar gudumar da kansa.