Binciken Sitacin Rogo

Sabitu na tsiyaye ruwan saman duro don ya kwashi sitacin da ya kwanta a ƙasa, sai ga masu kaki huɗu sun banko ƙofar rumfarsa da ke unguwar Oloumi. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairu ake farautar baƙi, shi kuwa katin izinin zamansa a ƙasar ya ƙare wata uku da suka wuce. Wanda aka kama, sai jirgin ruwa ya mayar da shi ƙasarsu.

Shugabansu, wani mai tumbi da suke kira Shef, bai ko nemi kati ba. Ya dumbuzi farin garin buhu, ya murza.

"Hodar Iblis," in ji shi da Faransanci.

Nafi, matar Sabitu, haifaffiyar unguwar Lalala a nan garin, ta fassara.

"Inna lillahi! Gaya masa rogo ne!" in ji Sabitu. "Mu fere, inji ya markaɗa, mu tace, ya kwanta, mu shanya. Masu biskit ke saye, tunda na Turai ya ninka kuɗi. Wallahi!"

Nafi ta ɗauko aidin na wanke ciwo, ta ɗiga. Garin ya koma shuɗi mai duhu.

"Sitaci ke yin haka, Shef. Ko 'yan firamare sun sani."

"Ya sauya launi a gaban hukuma," in ji Shef yana rubutawa. "Abin zargi."

Ta dama cokali biyu da tafasasshen ruwa, ya yi kauri yana sheƙi. Shef ya nemi sukari, ya shanye, ya suɗe cokalin. Sai ya shiga tambaya: kwana nawa yake shan rana? Ba ya tsami? Yana ɗaure kirim ɗin kek?

"Malam, bar rantsuwa," Nafi ta raɗa. "Mutumin nan ya fi ka sanin sitaci."

Ashe uwargidan Shef na da shagon kek a unguwar Plaine Orety, kuma tun Janairu kirim ɗinta ke tsinkewa.

"Ba a korar wanda ake bincike a kansa," in ji Shef. "Duk Litinin za mu ɗauki shaida, buhu biyu."

"Tambaye shi, in aka wanke ni fa?" in ji Sabitu.

"Ranar sai jirgi."

Sabitu ya zaɓi buhun da ya fi fari, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi motarsu.

"Gaya masa na mako mai zuwa zai fi wannan abin zargi."