Ramukan Maɓalli a Hagu

Ramuka huɗu ne a jere a gaban kwat ɗin, kowanne an daje bakinsa da zaren siliki, lafiyayyu kamar ba hannu ya yi su ba. Octave Brémond ya tsaya yana kallonsu, almakashi a hannunsa, gumi na tsattsafo masa a ƙeya duk da sanyin safiyar Paris. A hagu ya yanka su. Kwat ɗin mace kuwa, ko jaririn da aka haifa a gidan ɗinkinmu ya san a dama ake yi mata rami. Hagu na maza ne.

Kuma ba ƙaramin tela ba ne ya yi wannan. Octave shi ne babban mai yanka a sashen kwat da siket na ulu, gidan da matan ministoci ke jiran layi wata guda kafin a auna kafaɗarsu. Mu da muka ci ɓawon dankali a shekarun yaƙi muka fito da ƙafafunmu, ba ma yabon mutum a banza, amma shi kam hannunsa ya isa. Bakinsa ma ya isa. Kullum labarinsa ɗaya: wai da Jamusawa suka shigo, ajiye allura ya yi ya tafi ƙauye, ya gwammace yunwa da ya yi musu ko ɗinkin aljihu.

Léonie, shugabar mata masu ɗinkin hannu, ta leƙo ta bayansa. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, yau kuma wane hafsa muke jira?"

"Rufe min baki, uwar surutu."

"To na rufe. Amma ramin ba zai rufu ba. Akwai sauran yadi?"

Babu. Ulun ba na kasuwa ba ne. Madam Vauquelin ce ta kawo shi a naɗe cikin takarda, toka-toka mai laushi, wanda mijinta ya saya zai ɗinka kafin Jamusawa su ɗaure shi a jikin bango su harbe. Ta ce a yi mata kwat da siket da shi, kuma Octave da kansa take so. Shi ya sa ya hana kowa taɓa ramukan, ya zauna ya yi su da hannunsa. Hannun kuwa ya bi hanyar da ya saba a wani ɗakin ɗinki can bayan tashar jirgi, inda ya shafe shekarun yaƙi yana yanka wa hafsoshin Jamus kaki, yana cin nama da farin burodi. Léonie ta sani, don ta taɓa ganinsa yana fitowa daga can. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ka gaya mata gaskiya," in ji Léonie. "Ka ce tsufa ne."

"Ni? Tsufa?"

"To zaɓi wanda ya fi maka sauƙin faɗa."

Kafin ya amsa aka aiko cewa Madam ta iso ɗakin gwaji. Ya rataya kwat ɗin a hannu ya sauka, matakalar da yake hawa da gudu yau ta yi masa tsawo.

Madam Vauquelin doguwa ce, ba ta da yawan magana. Léonie ta taya ta saka siket, Octave ya ɗora mata kwat a kafaɗa. Kwat ɗin ta zauna mata ɗas, ko gyara ba ta nema. Matar ta kai hannu za ta ɓalla maɓallan, yatsunta suka lalubi inda suka saba, suka rasa. Ta sunkuya ta duba.

Octave ya buɗe baki. "Madam, akwai abin da..."

Ta ɗaga masa hannu. A hankali ta ɓalla na farko, ta ɓalla na biyu, tana kallon madubi, idonta ya ciko.

"Haka mijina Aurèle yake saka tasa," ta ce. "Da hannun dama, yana magana, ba ya ko kallo. Ban roƙe ka ba, Maigida Octave. Kai ka yi tunanin wannan da kanka."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa da sauri, ya kwashi fil daga hannun Léonie ya cusa a baki, ya kama bakin siket ɗin da ba ya bukatar komai.

"Zan gaya wa mai wannan gidan ɗinki irin mutumin da yake da shi," in ji Madam. "An ce kai ma ka ƙi su, ka sha wuya. Sai wanda ya sha ya san irin wannan." Ta shafa ramukan da ɗan yatsa. "Amma dubi aiki, kamar na telan soja. Tun ina yarinya a sashen mata na san ka. A ina ka koyi ɗinkin maza haka?"

Léonie ta juya tana gyara labule.

Octave ya ci gaba da zagaya bakin siket ɗin a kan gwiwoyinsa, bakinsa cike da fil, yana cire su ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai, don kada su ƙare.