Yadda Tela Ta Rage Barsu

Wani mafarki na yi a daren jiya. Ga ni a wani gari ina neman gidan haya, riƙe da igiyar Barsu, karen farautar yayana Jatau. Da Jatau zai rasu shi kaɗai ya bar mini, ya ce kada in ba kowa. Ƙaton kare ne, idan ya tsaya kansa yana kai mini ƙugu.

A garin gidaje ne ke yawo, masu neman haya suna zaune bakin titi suna jira. Wani gida mai shuɗiyar ƙofa ya zo gabana ya durƙusa kamar raƙumi. Muka shiga.

Mai gidan, Alhaji Barmo, yana zaure yana yi wa agogon bango fifita. Ya miƙo mini takardar karnukan da ba a yarda da su ba: mai tsayayyen kunne, wanda kakansa ya zo ta ruwa, da duk wanda ya fi turmi tsayi.

"Naka wane iri ne?"

"Na gado ne, Alhaji."

Ya duba takardar sama da ƙasa. "Ba a hana na gado ba. Amma ya fi turmi. Kai shi wajen tela."

Sai ga ni a shagon wata tela mai suna Kande. Ta auna Barsu daga hanci zuwa wutsiya.

"Ta ina za a rage, Malam?"

"Inda ba zai ji zafi ba."

Ta ɗora shi kan keken ɗinki, ta warware ɗinkin bayansa, ta yanke, ta mayar. Bai yi kuka ba. Kallona kawai yake yi.

Sau biyu Alhaji yana gwada shi da turmi yana cewa da saura, ina mayar da shi wajen Kande. A na ukun Barsu ya koma kamar zomo, aka ba ni makulli.

Gidan ba laifi, ɗaki uku da rijiya a kan rufi. Na zauna tsakar gida na yi fiton Jatau, gajere biyu dogo ɗaya, wanda ko barci Barsu yake yi sai ya taso. Ya ɗaga kai ya dube ni kamar baƙo, ya shige ƙarƙashin gado.

Na koma wajen Kande.

"Ina abin da kika yanke?"

"Ƙyalle ba ya kwana a shagona. Na ɗinka wa Alhaji hula da shi."

"Karen bai san ni ba yanzu."

"Ai sani a wajen wuya yake, can na rage. Kai ka ce inda ba zafi."

Na tarar da Alhaji a zaure da sabuwar hula ja mai gashi. Na yi fito. Hular ta diro daga kansa, ta zo tana birgima a ƙafafuna.

Alhaji ya shafa sanƙonsa. "Hula ba ta cikin takarda, kana iya zama da ita. Amma kare ɗaya doka ta ce. Zaɓi."

Kafin in amsa gidan ya fara miƙewa zai tafi. Ƙafata ɗaya tana zaure, ɗaya tana titi. Hular tana hannuna da ɗuminta, ƙaramin karen kuma ya leƙo ta taga. Na ce Alhaji ya ba ni zare da allura. Ya ce sai ranar kasuwa. Gidan ya ci gaba da tashi, ƙafafuna suna ƙara tsawo, ban saki ko ɗaya ba.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe ni, maƙwabciyata Lantana tana wanke-wanke. Barsu yana kwance ya tare bakin ƙofa, sai da na tsallake shi na fita.

Yau ƙarfe goma zan je duba wani gida. Dillali ya ce in bar karen a gida, kada mai gidan ya gan shi tun yanzu. Na yi wanka, na sa riga, na ɗauko igiyarsa.