Dutsen da Ruwa Bai Gama Ba

A gidan su Gu Maolin uba ke sassaƙa dutse, ɗa ya ɗauko. Uba zai huhhuda shi da guduma da ƙarfe, ya nutsar a tafkin Tai, ruwa ya yi ta lasa shekara da shekaru har sawun ƙarfen ya ɓace. Sannan ne ake cewa ya zama ziran, wato abin da ya yi kansa. Irinsa ake kafawa a lambu. Wanda bai kai ba, ko mai tallar kifi ya san aikin hannu ne.

Shekara ashirin da shida ke nan da mahaifin Maolin ya nutsar da nasa na ƙarshe. Da son samu ne a ƙara masa goma. To amma yanar ido ta fara rufe wa Maolin gani, mai magani kuma ya ce kafin ganyen shayi ya sake tohowa ba zai bambance fuskar matarsa da tulun giya ba. Shi kuwa yana so ya ga dutsen nan gamamme da idonsa.

Da safe ya samu surukinsa Pu, mai kwalekwale, yayan matarsa. Pu ya yi ta mita cewa ba ya ɗaukar makafi kyauta, amma ya kwance igiya. Wajen gindin tsibiri suka laluba da gora har suka ji dutsen, suka sa sarƙa, suka yi ta ja har hantsi.

Ya fito yana zubar da ruwa ta kowace kafa, gansakuka ta lulluɓe shi. Pu, wanda bai cika yabo ba, ya ce sama ce ta ƙera wannan, a kai gida kawai.

Maolin ya daɗe yana kallo. A idonsa dutsen ba shi da makusa. Sai ya zura hannu cikin babbar kafar, yatsunsa suka bi bango a hankali. Can ciki ya ji layi uku na sawun ƙarfe, kaifinsu bai mutu ba.

"Yaya, hannun tsoho na nan."

"Wa zai cusa kai ciki ya duba? Kai da ba ka ganin shinkafa a kwano?"

"Ni na taɓa."

Pu ya tuna masa baɗi war haka ko an ɗauko ba zai gani ba. Maolin ya ce ya sani, amma kankana in ta nuna da kanta take barin kara, ba a murɗe ta.

Ya roƙi Pu ya juya kwalekwalen yadda rana za ta bugi dutsen. Ya ƙura masa ido har idanunsa suka kawo ruwa, sannan ya kwance sarƙar da kansa, dutsen ya koma ƙarƙashin ruwa.

A hanyar komawa ya sa Pu ya maimaita alamar wurin sau uku, don Pu ya faɗa wa 'yar Maolin, wadda za ta ɗauko dutsen in ruwa ya gama.