Giɓi a Waƙar Inna

Ranar Talata da hantsi Lukman ya buɗe muryar Innarsu a kwamfuta, don kawai ya tura wa yayarsa Huseina kafin ranar suna. Ya sa abin sauraro a kunne yana kurɓar shayi. Inna tana cikin waƙa da muryar nan tata siririya mai ɗan rawa, sai ɗif, shiru. Can ta ci gaba daga wani wuri daban, kamar wadda aka toshe wa baki aka sake ta. Ya mayar da ita baya, nan dai ta yanke. Ya buɗe da wata manhajar, ya cire abin kunnen ya saki sauti a ɗaki, giɓin yana nan inda yake. Da ya bar ta ta tafi har ƙarshe sai ya tarar ba ɗaya ba ne, waƙar duk a huje take. Shayin ya huce a gabansa bai sake waiwayarsa ba.

Wannan ita kaɗai ce muryar Inna Fanta da ta rage a duniya, alhali matar tana raye. Bara da kaka shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita, ta ɗauke mata hannun dama da magana, tun daga nan take zaune a gidan Huseina. Tana ji, tana gane kowa, tana harara in an yi mata ba daidai ba, amma kalma ko ɗaya ba ta fita. Bafulatana ce da aka aura cikin gari, kuma duk jikan da aka haifa mata, ranar suna sai ta ɗora shi a cinya ta rera masa wata waƙa da Fulatanci wadda ita ta ƙago abinta. 'Ya'yanta kuwa Fulatancinsu bai wuce gaisuwa ba, karin kawai suka riƙe. Allah ne ya sa wata rana kafin ciwon, suna ɓarar gyaɗa a Durba, ƙauyen da Huseina take aure a ƙasar Kibiya, Huseina ta lallaɓa ta ɗauki waƙar a waya, da hirar da dariyar duka. Yanzu Huseina ta haifi mace, suna jibi, kuma tun ranar haihuwa Inna take nuna jaririyar da yatsa tana nuna waya.

Aikin Lukman ba mai daɗin faɗa ba ne, shi ya sa a Rano ake cewa yana gyaran kwamfuta, har akan kawo masa rediyo. Wani kamfani ne na ƙasar waje yake yi wa aiki daga ɗakinsa, a kan uwar manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwar kwamfuta a yanke take ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa shafi. Lokaci-lokaci manhajar takan kwashe shafi daga nan ta mayar da shi can, don ta samu fili ko ta matso da shi kusa da mai buƙata. To a cikin na'urar akwai ƙananan injinan lissafi da yawa masu aiki lokaci guda, kowanne yana riƙe da 'yar ma'ajiyarsa ta adireshi, don kada kullum ya tsaya tambayar ina shafi kaza yake. Duk shafin da zai tashi, sai an tsayar da injinan nan kaf, a ce kowa ya goge tsohon adireshi, a jira kowa ya amsa, sannan a kwashe. In shafuka dubbai ne, na'ura ta fi ɓata lokaci wajen sanarwa a kan kwasar kanta.

Dabarar da aka ba shi ya gwada ita ce a tara shafuka da yawa a yi musu sanarwa ɗaya. Wannan ba laifi, kuma ta yi aiki. Amma Lukman mutum ne da bai iya ganin hannu a zaune. Ya ce me ya sa za a tsaya jiran amsa? A fara kwasar mana tun sanarwa tana hanya. Ya ɗan sa wani abin tsaro da yake gani ya wadatar, ya gwada, na'ura ta yi gudun da har shi ya ba shi mamaki. Wannan ƙarin shi ne nasa na kansa, kuma ya yi makonni yana tafiya a gari ƙirjinsa a gaba, ba wanda ya san dalili.

A cikin makonnin nan ne Huseina ta zo awo asibiti ta biyo ta gidansa. Katin wayarta ya cika, tana so ya kwashe mata abin da ke ciki ya adana. Kwamfuta ɗaya gare shi mai ƙarfi, kuma a lokacin gwaji take yi, tana ta jigilar shafuka ba tsayawa. Kamata ya yi ya kashe ta ya tayar da ita da tsohuwar manhaja mai lafiya. Amma hadari ya rufe rana, batirin sola ya yi ƙasa, ga mace da tsohon ciki a zaune tana jiran ta koma Kibiya kafin ruwa ya sauko. Kuma a faɗi gaskiya, so yake ta ga gudun. Ya zura katin, kafin ta gama shan ruwa ya ce an gama.

"Har da na Inna?" ta tambaye shi. "Ka duba dai, Auta."

Ya duba. Sunan yana nan, girman daidai. Da hannunsa ya goge katin tas ya mayar mata a waya.

Yanzu da yake zaune gaban waƙar da ta huje, bai buƙaci kowa ya gaya masa ba, amma duk da haka ya gwada, irin na mai neman a ƙaryata shi. Ya tayar da gwajin, ya kwafi wani rubutu da ya san abin da ke ciki, ya kwatanta. Lafiya. Ya sake, lafiya. Zuciyarsa ta fara sanyi. Ya yi ta maimaitawa har azahar, sai ga shi: rubutu ya fito da rami a tsakiya, daidai girman shafi. Wani inji ne sanarwa ba ta kai gare shi ba tukuna, ya ɗauki saƙo ya kai tsohon wuri bayan an riga an kwashe, aka zubar da tsohon wurin da saƙon a ciki. Ba kuka, ba gargaɗi, girman kaya bai sauya ba. A rubutun gwaji ramin ba komai ba ne. A muryar da aka ɗauka da ƙaramar waya kuwa, shafi ɗaya ya kai numfashi guda na waƙa.

Ya rubuta wa abokan aikinsa layi biyu cewa a janye gyaransa. Abin da ya yi makonni yana taƙama da shi ya tafi, amma ko a jikinsa. Ya saƙa ƙaramar kwamfuta a jaka ya hau babur, ya kama hanyar Kibiya. Gero ya yi tsayi dama da hagu, ramukan hanya sun cika da ruwa, shi kuwa abu ɗaya yake ta nanatawa a ransa: abin da aka goge a kati bai tafiya nan take, yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa.

A Durba ya gaisa da Malam Shitu, mijin Huseina, a ƙofar gida inda ake ɗaure ragon suna, ya shige. Huseina tana zaune bakin gado da kwanon kunun kanwa, fuskarta ta yi fes da wankan jego.

"Auta, yau Talata ce fa. Ko yunwar naman suna ce ta koro ka?"

"Yaya, ara mini katin wayarki."

Ta dube shi, ta daina murmushi, ta miƙa masa wayar. Ya zauna a tabarma ya shiga tono. Katin a cike yake maƙil: hotunan jaririya, karatun malamai da Malam Shitu ya zuba mata ta riƙa saurare lokacin da cikin ya yi nauyi, bidiyon bikin wata maƙwabciya. Duk sun kwanta a kan inda muryar Inna take. Ya tono tsofaffin hotuna biyu rabi-rabi, ya tono wani guntun sauti da ya zama kukan akuya. Har aka kira la'asar bai samu komai ba.

Sai ya gaya mata. Ya fara da shafuka da adireshi, ta ɗaga masa hannu.

"Bar ni da wannan. Akwai ko babu?"

"Akwai, amma a yayyanke."

Ya kunna mata a hankali don kada a ji a ɗakin Inna. Ta saurara har ƙarshe, jaririya a kafaɗa. Da ya kashe ta ce, "Na ce ka duba."

"Na duba, Yaya. Ban saurara ba ne."

"Ni da ban yi boko mai zurfi ba na riƙe ta a wayar da gilashinta ya tsage. Na kawo maka don ka fi ni sanin adana." Muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya ce zai iya yanke shirun ya haɗe bakin da bakin, ta tafi sumul ba wanda zai gane. Tun a hanya yake shirya wannan maganar.

"Mu ba za mu gane ba," in ji Huseina. "Ita fa? Ka haɗa mata rabin kalma da rabin kalma, ta ji bakinta yana shirme, ga shi ba ta da halin ta ce ba haka na faɗa ba?"

Ya ce ko a nemo wata dattijuwa daga ruga ta cike musu. Ta ce ai waƙar ba ta ruga ba ce, ta Inna ce, ko ƙanwarta da ta rasu ba ta iya ta duka ba. Ya ce to a ce wayar ta lalace. Nan ta yi masa wani kallo.

"Bakinta ne ya mutu, ba hankalinta ba. Kai za ka kunna mata, Lukman. Ni ba zan iya ba."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta.

Ranar Alhamis da safe aka raɗa wa yarinya suna Bushra. Kafin mata su cika tsakar gida, Huseina ta ɗauke ta ta shiga ɗakin Inna, Lukman yana biye da waya a hannu. An yi wa Inna wanka an ɗaura mata sabon ɗankwali, an jingina ta da matasai. Aka kwantar da jaririyar a cinyarta, ta tallafe ta da hannun hagu, ta ɗago ido ta dubi wayar.

Ya durƙusa. "Inna, na ɓata ta. Wajen aikina ne, garin sauri. Akwai wuraren da babu."

Ta dube shi. Ba harara ba ce, bai ma san mece ce ba. Ta yi nuni da haɓa, ya danna.

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta fara fitowa, sai dariyar Huseina, sai Inna tana cewa a kawar mata da wannan abu daga gabanta. Ɓarin fuskarta mai motsi ya ɗaga. Da waƙar ta soma, leɓenta ya bi ta, gwiwarta mai lafiya tana jijjiga yarinyar. Sai ɗif. Ɗakin ya yi tsit, ana jin matan da ke daka a waje. Leɓen Inna bai tsaya ba, ya ci gaba da motsi shi kaɗai, babu sauti. Da muryar ta dawo, daidai inda leɓen ya kai ta dawo. Tana da ita duka a ciki, kalma bayan kalma, ba abin da ya ɓace mata. Huseina ta juya fuska bango.

Waƙar ta ƙare. Inna ta zare yatsa daga ƙarƙashin zanin jaririyar ta ƙwanƙwasa wayar.

"Inna, haka za ta sake yi," Lukman ya ce. "Ko sau nawa aka kunna, wuraren nan ba za su dawo ba."

Ta sake ƙwanƙwasawa, da ƙarfi.

Ya danna. Wannan karon da aka kusa giɓin farko sai ya ga ta ja numfashi ta riƙe. Shirun yana zuwa ta yunƙura, jijiyoyin wuyanta suka tashi, wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, mai kauri, marar kama da kowace kalma. Jaririyar ta firgita ta motsa. Muryar da ke waya ta dawo ta wuce ta. Inna ta yi haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta tattara ƙarfi tana jiran giɓi na gaba.

Huseina ta ce, "Inna, ya isa haka, za ki ji wa kanki ciwo."

Ko kallonta ba ta yi ba. Da waƙar ta kai ƙarshe, yatsan nan ya sake neman wayar, ya kasa kaiwa. Lukman ya matso da ita kusa, hawaye yana ɗiga a kan gilashin, ya danna mata daga farko.