Hanjin Yadi

Tela na durƙushe a ƙarƙashin dokin katako, yana cusa masa hanjin da ya ɗinka da yadi, sai Likita ya dafa bango ya sulale ƙasa. Maƙwabcinsa ne, malamin likitancin dabbobi. Ya gaji da jiran mushe kafin ɗalibansa su ga cikin doki, shi ne ya sa aka sassaƙa masa wannan, mai haƙarƙarin da ake buɗewa kamar ƙofar kabad.

Tun safe cikin Likita ke murɗawa. Tela ya ce a tafi asibiti, shi kuwa ya ce likitocin mutane dabba ɗaya tak suka karanta, ita ma ba su gama saninta ba. Gobe ɗalibai za su zo, a gama aiki tukuna. Matarsa ta yi magiya, ya aike ta ɗumama ruwa. Taurin kan mai ilimi ya fi na jaki, don shi har hujja yake kawowa.

Ya yi ta birgima a kan tabarma, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Can sai ya yi lamo, ya miƙe ƙafa.

"Ya lafa," in ji matar. "Ka gani ko, Tela? Ka tayar mana da hankali a banza."

Tela ya ajiye hanjin da ke hannunsa. Sau da dama yana bayan aji da allura a baki, yana jin Likita na gaya wa ɗalibai cewa dokin da ciwon ciki ke sa shi birgima da sauran kwanansa, amma wanda ya natsu farat ɗaya, hanjinsa ne ya fashe, kada su yi wa mai shi barka.

Ya dubi Likita, ya tarar shi ma shi yake kallo. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Maƙwabci, ashe kana jin karatun?"

"Ina ji."

"To nemo mota. Kada ka gaya mata."

Tela ya fita a guje ba takalmi. A mota matar sai zolayar mijin take, wai sai da ciwo ya tafi tsoro ya zo. Tela na riƙe da hannunsa, yana jin sanyi na hawowa daga yatsu. Ba a kai ga shiga da shi tiyata ba ya cika.

Da yamma aka kawo wa Tela farin yadi. Ya zauna a gaban kekensa, ya zare jan zaren da ya ɗinka hanji da shi, ya daɗe yana neman kafar allura.